Sunan wa ke kan takarda? Abin da shafin turaren ƙanwata ya koya mini

Ni malamin firamare ne a Kelle, arewa da Gure, a gindin duwatsun Kutus. Na fito daga makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad da ke Damagaram fiye da shekara ashirin da suka wuce, kuma tun daga nan alli ne sana'ata. Ban karanci kwamfuta ba. Na faɗi haka tun da fari don kada wani ya ɗauka gwani ne ke magana. Mai maganar nan mutum ne da ya ba ƙanwarsa shawara, shawarar ta ci mata kuɗi, sannan ya koma ya koyi abin da ya kamata ya sani kafin ya buɗe baki.

Ƙanwata a Damagaram take zaune. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, kuma da turaren wuta da humra take riƙe da su, sana'ar da ta gada wajen kakarmu Babarbariya. Hannunta yana da kyau, har matan Yamai da Agadas da Kano suna aiko mata da saƙo ta WhatsApp, ta zuba kaya a mota, su turo kuɗi ta Nita ko Amana. Da cinikin nan ake biyan kuɗin makarantar yaran, da shi ake sayen hatsi.

Ranar 4 ga Oktoba 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Daren nan ta kira ni hankali a tashe, tana zaton an rufe mata lamba ne. Da abin ya dawo na ce mata: «Kin ga dai, duk kasuwarki a rumfar wani take. Ya kamata ki sami shafinki na kanki a intanet, mai sunanki.» Ta ce: «Yaya, ai kai ka yi boko. Yadda ka ce haka za a yi.»

Akwai wani tsohon ɗalibina, yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda na koyar a aji biyar da aji shida, a lokacin yana karatu a Damagaram yana kuma haɗa wa mutane shafuka. Ni na haɗa su. A farkon 2022 ta ba shi jaka saba'in da biyar, wato sefa 75,000, ya yi mata shafi mai kyau, da hotunan kwalabe da farashi da lambar waya. Muka yi murna. Ta kai aiki maɗaba'a aka buga mata takardun mannawa a kwalba guda dubu biyu, kowace da adireshin shafin a ƙasa. Ba mu rubuta komai tsakaninmu da yaron ba. Ɗalibina ne, me za a rubuta?

Bayan shekara ɗaya da ƴan watanni, wata mai sayen kaya daga Yamai ta kira ta ce ta buɗe adireshin da ke jikin kwalba, ba ta ga turare ba sai tallace-tallace da Turanci. Muka nemi yaron, lambarsa ba ta shiga. Iyayensa suka ce ya tafi Libiya neman kuɗi. A nan ne na fara fahimtar abin da muka saya da abin da ba mu saya ba.

Bari in bayyana shi yadda ni kaina na gane. Shafin intanet abu uku ne, kuma kowanne da mai shi. Akwai suna, wato adireshin da mutum ke rubutawa, mai ƙarewa da .com, ko .ne na Nijar, ko .ng na Najeriya. Akwai masauki, wato wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, inda ake ajiye shafin. Akwai kuma kayan da ke ciki, hotuna da rubutu. Suna da masauki duka haya ce, ba saye ba. Shekara-shekara ake sabunta su. In lokacin sunan .com ya ƙare ba a biya ba, akan ba da ƴan makonni na rangwame, sannan kwana 30 da za a iya fansarsa da tara mai nauyi, daga nan sai a sake shi kasuwa, kowa ya riga shi ke da shi.

Yaron ya yi rajistar sunan da sunansa da imel ɗinsa, don shi ne abin da ya fi masa sauƙi. Duk saƙonnin gargaɗi can suka tafi, akwatin da ba mai buɗewa. Kafin mu farga duk wa'adin ya wuce, wani da ba mu sani ba a wata ƙasa ya kama sunan, ya rataya masa farashi da dalar Amurka wanda ya fi jarin ƙanwata. Masaukin ma ya ƙare, hotuna da rubutu sun tafi da shi. Takardun kwalba sama da dubu da suka rage, haka ta zauna da ƴaƴanta da almakashi suna yanke gindin kowace. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Shirun nata ya fi mini faɗa ciwo.

A hutun damina na 2024 ta sake tayar da maganar. Wasu masu shaguna a Yamai da Maraɗi suna son sayen sari, amma suna tambayar inda za su ga kayan duka da farashi a tsare. Na ce to, amma wannan karon zan yi abin da na iya, wato jarrabawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Na fara da manyan kamfanonin waje. A ido suna da araha, kuma injinansu ba a magana. Amma biya sai da katin banki irin wanda ake saye da shi a intanet, ƙanwata kuwa ba ta da shi, ni ma albashina kawai nake cira. Farashin da suke rubutawa da manyan baƙaƙe sau da yawa na shekarar farko ne, na sabuntawa yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe. In kuma matsala ta taso, sai ka rubuta koke da Faransanci ko Turanci ka jira amsa. Mace mai turare a Damagaram tana buƙatar wanda za ta kira ta ce masa «shafina ba ya buɗewa» da Hausa, ya gane, in ya ƙi ɗauka ta san ƙofar da za ta buga.

Saboda haka na koma ga na gida. Na ga mutum biyu masu aiki su kaɗai, da wani ƙaramin kamfani na samari uku mai ofis ɗaki ɗaya. Na tafi da littafina na rubuta tambayoyi, kamar yadda nake shiga aji.

Tambayar farko ita ce wadda ta cije mu: sunan wa za a sa a rajista? Ɗaya daga cikin masu aiki su kaɗai ya ce: «Malam, kada ka damu da wannan, mu ke kula da komai.» Na gode masa na tashi. A ofishin samarin, babbansu ya ɗan yi jim, ya ce galibi da sunan kamfaninsu suke yi don mutane na manta kalmar sirri. Na ce: «Ɗana, in ka sayi fili, sunan dillali ake sawa a takarda don kada ka ɓatar da ita?» Ya yi dariya ya ce a'a. Muka tsaya a kan cewa suna da imel da lambar waya duka na ƙanwata ne, kuma a gabanmu za a buɗe asusun, ita da kanta ta sa kalmar sirri.

Ta biyu: ina kwamfutar take? Wannan tambaya na yi ta ne don auna gaskiyar mutum fiye da auna injin. Ɗayan mai aiki shi kaɗai ya bugi ƙirji ya ce nasa injin a gidansa yake, ba ruwansa da Turawa. Na tambaye shi yadda ya yi daga Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris 2024 da aka maido ta. Duk wanda ya zauna Damagaram a watannin nan ya san yadda wuta ta zama. Ya ce yana da janareta. Ban ƙara tambaya ba. Samarin kuwa suka faɗa mini kai tsaye cewa su ba su da injin ko ɗaya. Suna kama babban wuri haya a wani kamfani a Faransa, su yanka shi ƙanana su ba mutane, kamar mai sarin buhu yana sayarwa tiya-tiya. Da farko abin ya ɗan sanyaya mini jiki, don na zo neman na gida. Da na yi tunani sai na ga abin da nake saye a wajensu shi ne kula da amsa waya da karɓar kuɗi a hannu, kuma wanda bai ɓoye mini wannan ba zai yi wuya ya ɓoye mini wani abu.

Nisan yana da nasa farashi, kuma sun yarda da haka. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen bakin ruwa take biyowa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wuni suka kwana cikin wahalar intanet. A rana irin wannan, shafin da ke Faransa lafiyarsa lau, amma mai saye a nan zai sha wuya kafin ya kai gare shi. Na auna wannan da ɗaukewar wuta ta yau da kullum, na ga wanda ya fi sauƙin haƙuri.

Ta uku: in komai ya ɓace, ina kwafi? Suka ce kamfanin Faransan yana ajiye kwafi kullum. Na ce da kyau, amma na karanta abin da ya faru a birnin Strasbourg ranar 10 ga Maris 2021, da gobara ta cinye ɗaya daga cikin gidajen kwamfutocin kamfanin OVH. Shafuka masu ɗimbin yawa suka ɗauke, kuma waɗanda kwafinsu yake a wuri guda da asalin suka rasa duka biyun. Manomin Kutus ma ba ya zuba iri da abinci a rumbu ɗaya in yana da hali. Na nemi abu biyu: kowane wata su ba ƙanwata kwafin shafin a ɗan filas ta ajiye a akwatinta, kuma su nuna mini a gabana cewa kwafin yana aiki. Ƙaraminsu ya goge wani shafin gwaji, ya maido shi daga kwafi. Ya ɗauke shi kusan minti arba'in da gumi, ya kuma amsa cewa bai taɓa gwadawa ba sai ranar. Na ce ba komai, gara ka koya a kan na gwaji.

Ta huɗu lissafi ce, fagena. A takardar tallarsu an rubuta cewa shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Na ɗauki biro. Shekara awa 8,760 ce. Kashi 0.1 cikin ɗari na wannan ya kusa awa tara. In kuwa aka ce maka kashi 99, to an ce maka shafinka zai iya rufewa fiye da kwana uku da rabi a shekara ba tare da an saɓa alkawari ba. Na tambaye su abin da za su yi in rufewar ta wuce awa taran. Ba su da amsa, sun kwafo adadin ne daga can inda suke haya. Na ce to ni zan auna da kaina. Muka yi da su cewa za a biya rabi, su kafa shafin, in gwada wata guda kafin a cika.

Na dawo Kelle na ja layi a littafi kamar rajistar kiran suna. Safe da yamma ina buɗe shafin a wayata, kwana talatin, sau sittin ke nan. Duk lokacin da ya ƙi, sai in buɗe wani shafin daban don in san ko laifin rezo ɗinmu ne, don a nan akwai wuraren da sai ka hau tudu kafin waya ta kama. Sau hamsin da biyar ya buɗe. Sau huɗu rezo ne babu gaba ɗaya. Sau ɗaya, wata Juma'a da yamma, komai na buɗewa sai shi. Na kira sau uku ba a ɗauka ba. Sai bayan isha'i babbansu ya kira ya ba da haƙuri, ya ce sun sabunta wani abu ne ya rikice, kuma ya gyara. Na rubuta wannan da jan biro.

Gwajin ya nuna mini wani abu da ban sa a tambayoyina ba. A makon farko shafin yana buɗewa amma da jan ƙafa, hotuna na saukowa kaɗan-kaɗan har mutum ya gaji, ga kuɗin intanet na zuba. A ofishinsu kuwa kamar ƙiftawar ido yake buɗewa, shi ya sa ba su lura ba. Hotunan ne suka yi nauyi, an ɗora su yadda waya ta ɗauke su. Da suka rage musu nauyi sai ya zama ko a Kelle yana buɗewa ba wahala. Duk wanda zai gwada shafi, ya gwada shi a irin wayar masu sayensa da irin rezo ɗinsu.

Ta ƙarshe ita ce kuɗi da hanyar fita. Nawa ne shekara ta biyu? Nawa ne na suna, nawa ne na masauki, nawa ne ladan aikinsu, kowanne daban? A lissafin da suka ba ni akwai jaka goma na abin da ke sa adireshi ya fara da https, wanda ke nuna cewa abin da ke wucewa tsakanin waya da shafi a kulle yake. Na ce na ji akwai wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt da ke ba da wannan kyauta. Suka kalli juna, suka ce ladan sawa ne. Na ce to a rubuta ladan sawa, kuma sau ɗaya. Sannan na tambayi abin da zai faru ranar da ƙanwata ta ga dama ta koma wajen wani. Muka rubuta cewa za su ba ta kayanta duka da lambar sirrin da ake ƙaura da suna cikin mako guda, ba tare da ƙarin ko dala ba.

Yarjejeniyar shafi ɗaya ce, da Faransanci, na fassara wa ƙanwata layi-layi kafin ta sa hannu. Samarin sun ce ba wanda ya taɓa neman takarda a wajensu. Daga baya na ji sun mai da ita abin da suke ba kowa.

In za a ba su maki, zan ba su goma sha huɗu bisa ashirin. Sun faɗi gaskiya inda ƙarya ta fi sauƙi, suna karɓar gyara, ana iya samunsu. Amma ba su da mai tsaron waya ranar Juma'a da Lahadi, alkawarin da ke takardar tallarsu ba nasu ba ne, kuma su uku ne kawai, gobe ɗaya na iya samun aiki a Yamai wani ya bi hanyar Agadas. Bambancin shi ne, in sun watse yau, suna na hannun ƙanwata, kwafi na akwatinta. Za ta yi asarar mako guda, ba za ta sake zama da almakashi ba.

Gaskiya kuma ita ce har yanzu yawancin cinikinta ta WhatsApp yake zuwa. Shafin ya kawo mata masu sari ƴan kaɗan, kuma su suka biya kuɗinsa har da riba. Mai sayar da ƙosai a bakin tasha ba ta buƙatar shafi, kuma duk wanda ya ce mata tana buƙata kuɗinta yake so. Kafin a tambayi wa zai ba da masauki, a fara tambaya ko akwai baƙon da za a saukar.

Abin da ya sa nake gaya wa malamai da iyaye wannan labari shi ne, mu ne a tsakiya. Ƴaƴanmu da ƙannenmu ne ke zuwa su ce a ba su jari za su buɗe kasuwa a intanet, mu kuma mu sayar da rago mu ba su ba tare da tambaya ɗaya ba, don muna jin kunyar a ga ba mu san abin ba. Ɗalibanmu ne kuma ke zama masu haɗa shafukan. Ba sai ka san kwamfuta ba kafin ka tambayi sunan wa ke kan takarda, yaushe haya za ta ƙare, wa ke riƙe da makulli, ina kwafi. Tambayoyin da kakanninmu ke yi ne a kan gona da jingina.

Yaron nan ya dawo daga Libiya bara, ya zo gaishe ni, ya zauna nesa da tabarma kansa a ƙasa. Ya ce: «Mushe, wallahi ban ci amana ba. Ban san haka abin yake ba, na ɗauka zan dawo kafin lokacin.» Na yarda da shi. Shekara biyu yana gabana, na koya masa raba lamba da haɗa jimlar Faransanci, ban taɓa nuna masa yadda ake rubuta rasit ba, balle yarjejeniya, kuma ni da na girme shi ban nemi takarda ba ranar da ya kamata. Na ce masa laifin namu ne mu biyu, amma nawa ya fi. Ya je Damagaram ya ba ƙanwata haƙuri, ta ce ta yafe tun tuni.

Tun daga bana, a ajina na shida, nakan ware darasi ɗaya a wata. Yara biyu su fito, ɗaya mai rumfa ɗaya mai haya, sauran su rubuta musu yarjejeniya a allo: suna, kuɗi, ranar farawa, ranar ƙarewa, abin da zai faru in ɗaya ya yi tafiya, shaidu biyu. Suna jin daɗinsa fiye da yadda na zata, musamman wajen gardamar farashi.

Ranar sabunta sunan shafin kuwa, an rubuta ta da gawayi a bangon ɗakin da ƙanwata ke haɗa turare, na kuma rubuta ta a bangon farko na littafin shirya darasina. Wata guda kafin ranar nakan kira ta, sau biyu ke nan ina tarar ta riga ta biya.